Ranar da Na Yi Daka a Gaban Liman

Ba zan taɓa mantawa ba da ɗaurin auren ɗiyar Garba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da mutanen ƙauyenmu, har yau dai ba su manta ba. Duk bikin da aka yi, sai an sami tsohuwar da za ta leƙo ta kan danga ta ce, "Afandi, ga turmi nan, ko za ka taya mu?"

Bari in fara daga karen.

A shekarun ƙarshe na Turawa ni murasla ne, wato ɗan aike, a ofishin mufattish, Baturen da ke duba gonakin auduga na yankinmu a Jazira, can ƙasar gabas inda mu Hausawa muke zaune cikin Larabawa. Na yi shekara huɗu a makarantar gwamnati, ina karanta Larabci daidai gwargwado, a ofis kuma na tsinci kalmomin Turanci da ba su wuce ashirin ba. A ƙauyen da kowa manomi ne, wannan ya isa a kira mutum Afandi, laƙabin 'yan boko ma'aikatan gwamnati. (Garba ne ya laƙaba min sunan. Ɗan kawuna ne, abokin wasana, kuma don tsiya ya sa shi. Ni kuwa na karɓa da hannu biyu.)

Baturen yana da kare irin na ƙasarsu, fari tas, mai faɗin ƙirji, tsayinsa ya kai na ɗan maraƙi. Idan ya tsaya kusa da ni, kansa yana taɓa ƙuguna. Ranar da Baturen ke ɗaure kayansa na ga ya fito da bindiga, ya sa an kai karen bayan gida. Ba wanda ya yarda ya karɓe shi, shi kuma ba zai iya tafiya da shi ba. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na ji bakina ya ce ina so. Baturen ya daɗe yana kallona. Ya yi min dogon bayani da Turanci, yana yi yana kama kunnensa yana girgiza kai. A wurinmu idan babba ya kama kunne, gargaɗi yake yi maka. Na ce a raina jan kunnena yake yi in riƙe amana. Na ƙame na ce, "Yes sa," har sau uku. Ko kalma ɗaya ban fahimta ba.

Da na iso gida ina janye da shi, matata Hajara tana tankaɗe a ƙarƙashin rumfa. Ta dubi karen, ta dube ni, ta sake duban karen.

"Malam, wannan hawa ake yi ko tatsa?"

"Gadin gona zai yi," na ce.

"To shi wa za shi gadi? Ka ga abin da za shi ci kuwa?"

Ta faɗi haka ne tana miƙewa ta nemo masa tsohon kasko. Liman ya ce babu laifi a ajiye kare don tsaron gona, muddin bai shiga ɗakin da ake salla ba, kwanon da ya sa wa baki kuma a wanke sau bakwai. Hajara ta ware masa kaskonsa, ta yi masa inuwa a gindin danga. Ita ke tara masa ɗumamen tuwon dawa, ita ke aika wa mahauci ranar kasuwa ya ajiye ƙashi, ita ke zama da rana tana cire masa kaska daga cikin kunne. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba a lokacin, yanzu ma ba na so in matsa.

Mutanen ƙauye suka sa masa suna Mufattish, don da safe sai ya bi bakin tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, yana tafe yana leƙa audugar kowa, kuma duk wanda ya yi masa magana ko waiwaye ba ya yi. An gwada shi da Hausa, an gwada shi da Larabci. Wani ma ya gwada shi da Fulatanci. Ni ne na warware musu matsalar.

"Ku daina wahalar da kanku," na ce a majalisa. "Karen Bature ne. Turanci kaɗai yake ji."

A kwanakin farko, gaskiya, Turancin nawa ma bai ji ba. Na ɗauka baƙunta ce. Amma bayan kamar wata biyu, wata la'asar ina ƙofar gida da baƙi, Hajara tana daka a tsakar gida, na ɗaga murya na ce, "Kam hiya!" Sai ga shi ya taso daga bayan danga a guje, ƙasa tana girgiza. Na ce, "Sidan!" Ya zauna daram. Baƙi suka yi salati. Daga ranar ban sake barin wani baƙo ya bar gidana bai ga wannan abin mamaki ba. A gona ma haka, lokacin cirar auduga, idan na kira shi daga nesa sai ya zo, Hajara tana can bayana tana gyara mayafinta.

Akwai abubuwan da na lura da su, don ni mutum ne mai son bin diddigi, sai dai duk na ba su fassarar da ta yi min daɗi. Idan aka yi tsawa, duk karnukan ƙauye su ruɗe, shi yana barcinsa. Na ce jarumtar Turawa ce. Idan ni kaɗai ne da shi a gona, in kira shi ya ƙi zuwa. Na ce ba ya son a dame shi in ba a gaban mutane ba, kamar maigidansa na da. Wata rana na taɓa shi ta baya yana barci, ya zabura ya cafke hannun rigata ya yaga. Hajara ta ce, "Malam, ka riƙa zuwa mai ta gaba, ko ka buga ƙafa kusa da shi tukuna." Na ce lalle, manya ba sa son a zo musu ta baya. Ta sunkuyar da kai tana ɗinke rigar. Yanzu na san dariya take ɓoyewa.

Shekara huɗu muka yi haka.

Hajara ta rasu a ƙarshen damina. Zazzaɓi ne, kwana shida. Ba zan ce komai a kan wannan ba.

Bayan an share makoki, sai Turancina ya daina aiki. In tsaya a tsakar gida in ce "Kam hiya" har muryata ta dushe, yana kwance a ƙofar ɗakinta, ko kunne ba ya kaɗawa. Abinci sai na tura masa har gaban hanci. Daga baya ya fara fita yawo, ba mai iya mayar da shi. Ya watsa awakin Shehun ƙauye har biyu suka faɗa tur'a. Wata rana ya kwanta a tsakiyar hanya, lori ta taho ɗauke da buhunan auduga, direba yana ta danna ham, bai motsa ba, sai da motar ta kauce ta zurma ƙafa ɗaya a rami. Shehu ya aika aka kira ni.

"Afandi, mun yi maka kawaici saboda rashin da ka yi. Amma abin ga ya isa. In ya sake yin ɓarna, kai kuma ka kasa kiranshi, zan sa mai gadin tur'a shi harbe shi. Halas, magana ta ƙare."

"Ranka shi daɗe, baƙin ciki ne ke damunsa. Yana jin maganata."

"To Allah shi sa."

Na koma gida. A cikin gidan nan duka, shi kaɗai ya rage mai numfashi wanda hannunta ya saba taɓawa.

A makon ne Yaya Dije, yayar Hajara, ta kawo min tuwo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza bakin zanenta, ta ce, "Afandi, akwai maganar da nike so in yi maka a kan karen ga." Kun san abin da na ce mata? Na ce, "Yaya, ki bar wannan. Harkar Turanci ce, ba za ki gane ba." Ta dube ni irin kallon da ake yi wa mara lafiya, ta ajiye kwanon ta tafi.

Bayan an gama cirar auduga aka sa ranar auren ɗiyar Garba. A ƙauyenmu ba wanda ke da tabarmin da za su ishi taro, don haka ana gobe biki ake bi gida gida ana aro. Da aka zo gidana, na shiga ɗakin Hajara, wanda ban buɗe ba tun ranar da ta rasu, na ɗauko tabarmarta mai jan baki, wadda take zama a kai da la'asar tana tsefe kai. Ita ce mafi kyau a gidan. Na ce a shimfiɗa wa liman ita. (Har da alfahari na faɗa, Allah ya yafe min.)

Da hantsi na ɗaure Mufattish a gindin danga, na sa babbar rigata, na naɗa rawani irin na Larabawan birni, na tafi. An shimfiɗa tabarmi a filin ƙofar gidan Garba. Dangin ango sun zo daga wajen Sinja cike da lori, mutanen da ba su san mu ba, mu kuma muna so su koma suna yabonmu. Mata suna cikin gida, ana jin guɗa. Liman ya tafi sabunta alwala, kowa yana jiran ya dawo a ɗaura.

Sai na ga mutane suna darewa gida biyu.

Mufattish ne, guntun igiya yana jan ƙasa a wuyansa, hancinsa a ƙasa. Bai kula kowa ba. Ya tsallake takalman baƙi, ya ratsa ta tsakiyar dattawa, ya wuce tiren dabino da goro bai ko shinshina ba. Ya je har kan tabarmar liman, ya juya sau biyu, ya kwanta, ya ɗora haɓarsa a kan jan bakin, ya lumshe ido.

Wani tsoho daga dangin ango ya ce, "A'uzu billahi! Wannan kare ne ko jaki?"

Garba ya taso yana tattare riga. "Ya zol, bawan Allah, ka rufa min asiri! Ɗauke wannan surukin naka kafin liman shi dawo!"

Na kama guntun igiyar na ja. Kamar in ja bishiya. Ya buɗe ido ɗaya ya yi wani gurnani daga can cikin ƙirji, na saki. Shehu ya riga ya ɗaga hannu, na ga mai gadin tur'a ya miƙe ya nufi inda ya jingine bindigarsa.

"Ranka shi daɗe, a dakata," na ce. "Yanzu zan kira shi."

Na ja da baya kamar taku goma, na gyara rawani, na dubi baƙi don su shaida. Na ce, "Kam hiya!"

Ko motsi bai yi ba.

Na ƙara murya. "Kam hiya! Mufattish, kam hiya!"

Ƙuda ya sauka a kunnensa, ya kaɗa kunnen. Zuciyata ta yi fari, na ɗauka ya ji. Ƙudan ya tashi, ya koma barci.

Daga nan na buɗe jakar Turancina gaba ɗaya. Na ce masa ya zo, na ce masa ya zauna (yana kwance), na gaishe shi da gaisuwar safe, na gaishe shi da ta yamma. Na ƙirga masa ɗaya zuwa goma. Ina jin har na ce masa a kawo shayi, don ita ce jimlar da na fi ji a ofis. Gumi ya jiƙa rigata. Liman ya dawo yana tsaye da butarsa, yana kallon wurin zamansa.

Garba ya ce, "Afandi, ko Turancin nan ya tafi tare da masu shi?"

Aka fashe da dariya, har baƙi. Shehu bai yi dariya ba. Mai gadi ya iso yana ɗura harsashi, mutane suna janye tabarmi daga kusa.

A nan ne Yaya Dije ta fito daga cikin gida, abin da mace ba ta yi ana tsakiyar ɗaurin aure. Tana mirgino turmi da hannu ɗaya, taɓarya a ɗayan. Ta tsayar da shi a gabana, ta kwance bakin zanenta ta zuba dawa tafi ɗaya a ciki.

"Allah shi gafarta Malam, ku yi min haƙuri," ta ce wa liman. Sannan ta juyo gare ni, ba ta rage murya ba. "Afandi, karen ga kurma ne. Tun ranar da ka kawo shi kurma ne. Ko tsawa ba ya ji, balle kai."

Na ce, "Yaya, shekara huɗu yana amsa min."

"Ita yake amsa ma. Daka uku ta tsaya, daka uku ta tsaya, yana jin shi a ƙasa ta ƙirjinshi, shi taso. In ta ɗaga taɓarya sama, shi zamna. A gona in ta kaɗa mayafi, shi zo. Kai kana gaba kana ihu, ita tana bayanka. Duk matan garin ga sun sani."

Na dubi ƙofar gidan Garba. Kawunan mata sun cika ta, ba wadda ta musa.

"To me ya sa ba ta gaya min ba?"

"Mun ce ta gaya maka. Ta ce a bar ka. Ta ce tun da Turawa sunka tafi, ba ka da wanda za ka yi ma Turanci sai shi."

Abin da na tuna shi ne kunnen Bature, yana kamawa yana girgiza kai, ni kuma ina "Yes sa."

Shehu ya ce, "To Dije, kira shi mu gani."

"A'a, ranka shi daɗe. Kai ka ce mai shi za shi kira shi. In ni na kira shi yau, gobe wa za shi kira?" Ta miƙo min taɓarya.

Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe taɓarya ba. Namiji mai gemu, a cikin babbar riga, a gaban liman da Shehu da baƙin Sinja. Na naɗe hannun riga na ɗaga. Dukan farko ya sami bakin turmi, dawa ta watse. Na biyu ya zame ya sauka dab da babban yatsana, na yi tsalle, rawani ya warware ya zubo min a fuska. Wata tsohuwa daga ƙofa ta ce, "Wayyo, wa ya aurar da wagga ba ta iya daka ba?" Wata ta rangaɗa guɗa. Na ga liman ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

"Ba da ƙarfi ba," in ji Yaya Dije a hankali. "Saki hannunka, nauyinta za shi yi aikin. Uku, ka tsaya."

Na cire rawanin na yar. Na daka uku, na tsaya. Na daka uku, na tsaya. Sai na ji sautin a kunnena, na gane shi. Shekara huɗu ina jin sa a bayana kowace la'asar, ban taɓa tambayar me ya sa dakanta ke tsayawa haka ba.

A karo na uku Mufattish ya ɗaga kai. A na huɗu ya miƙe tsaye, ya taho a guje, tabarmi suna tashi a bayansa. Ya iso gindin turmi ya tsaya. Bai dube ni ba. Ya leƙa bayana ta dama, ya leƙa ta hagu, ya zagaya ni sau ɗaya yana shinshina ƙasa. Sannan ya ɗago ya dubi hannun da ke riƙe da taɓarya.

Dariya ta ɗauke a filin. Na ɗaga taɓaryar sama. Ya daɗe yana kallona. Ya zauna.

Shehu ya yi gyaran murya ya ce wa mai gadi ya mayar da bindigarsa. Liman ya ce a kawo masa wata tabarma, waccan a naɗe a mayar wa mai ita. Garba ne ya fara magana, yana share ido da hannun riga, wai ƙura ce ta shiga.

"To Afandi, tun da ka fara, akwai buhu biyu a ciki na tuwon baƙi."

Aka ɗaura aure. Ni na yi fatiha a can gefe, kare a jingine da ƙafata, taɓarya a hannu.

Ya ƙara shekara biyar tare da ni. A cikinsu na koyi abin da ya kamata in koya tun farko, kuma na sami kaina ina jin daɗin binciken. Na gano cewa a busasshiyar ƙasa yana jin daka daga bayan gida uku, amma idan an yi ruwa sai na matso. Na gano yana karanta fuska; idan na ɗaure ta, sai ya sunkuyar da kai tun ban ɗaga hannu ba. Na daina barinsa kusa da hanyar lori sai da igiya. Na koyi buga ƙafa kafin in taɓa shi. Yaya Dije ta nuna min sauran alamun, guda bakwai ne, har da ta "tafi wurin Malam", wadda Hajara ke yi masa idan ta ga na dawo daga gona raina a ɓace. Ni kuwa da ina cewa karen ya san darajata ne. Tabarmar mai jan baki na bar masa ita, a kanta ya mutu.

Turanci dai ban sake yi wa kowa ba. Abin da na ɗauka daga wannan rana kaɗan ne, amma ina aiki da shi: duk lokacin da na buɗe baki na ba da umarni na ga abu ya tafi daidai, kafin in gyara rawani sai na waiwaya in ga wa ke tsaye a bayana. Yanzu idan na waiwaya ba kowa sai turmi. Na kuwa iya daka, ko Garba ya shaida, duk da ya ce har yanzu garina yana da tsakuwa.